Piriz ɗin Faransa, na Ingila, ko mai karɓar kowa: wanne ya dace da bangon gida a Damagaram?

A tsakiyar hunturun da ya wuce, ana fitowa daga sallar asuba, ƙanwata da ke aure a Garin Malam ta kira ni muryarta na rawa. Ta tsoma hita a bokiti don yara su samu ruwan wanka kafin makaranta, ta fita tsakar gida tana dama koko, ko da ta dawo ɗaki ya cika da ƙaurin roba haɗe da wani ƙarni kamar na kifin da ya kwana. "Yaya, bango ne ke hayaƙi," in ji ta. Na ce ta ruga ta sauke disjontar, wato makunnin da ke yanke wutar gida, kada ta taɓa fulogin, kada kuma ta kuskura ta watsa ruwa. Da na iso gari ya waye, na kwance piriz ɗin, wato abin da ake jona fulogi a bango, na riƙe a tafin hannu. Fuskarsa da take fara ta koma ruwan goro, ramin gefe ɗaya ya narke ya zubo kamar kyandir, ƙafar fulogin ta manne a ciki. Hitar lafiyarta ƙalau. Wayar cikin bango ma ɗan bakinta kawai ya yi baƙi. Abin da ya ci wuta shi ne daidai inda ƙarfen fulogi ya haɗu da ƙarfen piriz, wurin da bai fi ƙwayar gero faɗi ba.

Piriz ɗin irin nan ne mai ramuka barkatai, wanda masu shago ke kira mai karɓar kowa. Ba laifin ƙanwata ba ne da aka sa shi, domin a garin nan dalilin sa shi a fili yake. Gidajenmu bisa tsarin Faransa aka ja musu wuta, NIGELEC kuma volt 220 take ba mu. Amma kayan da muke jonawa daga ko'ina suke zuwa. Dutsen guga da fanka da firigo sun biyo motar Kano ta Daura, da fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. Alhazai da ƴan kasuwar Dubai su ma irinsa suke kawowa. Waɗanda suka dawo daga Aljeriya da Libiya sun zo da masu ƙafa biyu zagayayyu, cazar waya daga Sin kuma wani lokaci da ƙafa biyu masu faɗi kamar reza. Ita kanta wutar, wani babban kaso nata daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kamar yadda kowa ya gani a watan Agustan 2023 da aka yanke layin. Ƙarfin wutarmu da na Najeriya kusan ɗaya ne, kayan can suna aiki a nan ba tare da matsala ba. Rigimar duka a ƙafafu take.

To mai gini, ko mai gyaran ɗakin amarya, ko wanda piriz ɗinsa ya ƙone kamar na ƙanwata, idan ya tsaya a shagon kayan wuta a Kasuwar Dole, zaɓi uku ne a gabansa: na Faransa, na Ingila, ko mai karɓar kowa.

Kafin a auna su sai an san da wane mudu za a auna. Kowane kayan wuta akwai adadin watt da aka rubuta a jikinsa. Raba shi da 220, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da yake ja. Fankar tsaye mai watt 70 ba ta kai sulusin amfiya ɗaya ba. Dutsen guga mai watt 1200 yana jan biyar da rabi. Hita ko butar lantarki mai watt 2000 tana jan tara. Zafin da ke taruwa a inda ƙarfe bai kama ƙarfe da kyau ba kuwa ba ya tafiya kai ɗaya da amfiya: idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Hita ta fi fanka ja kamar sau talatin, ke nan zafin da za ta tara a sakwarkwataccen piriz ya kai sau ɗari tara na fanka. Shi ya sa ƙanwata ta shekara biyu tana jona fanka da caza a wannan piriz ba ta ga komai ba, hita ta gama da shi kafin koko ya dahu. Saboda haka tambaya ta farko ga kowane piriz ita ce yaya yake damƙe ƙafar fulogi. Ta biyu, shin yana haɗa wayar ƙasa, mai kai wutar da ta zubo a jikin kaya zuwa ƙasa, wadda masu aikin wuta ke cewa tar. Ta uku, yaya yake da yatsan yaro da tsinken da ke hannunsa.

Na Faransa na gaskiya ba a ɓata shi: fuskarsa ta lotsa ciki kamar ƙoƙo, ramuka biyu zagayayyu, da ɗan tsinken ƙarfe da ya fito daga cikinsa a sama. Wannan tsinken shi ne wayar ƙasa, kuma da yake ya fito waje, shi ke fara shiga cikin fulogi kafin ƙafafun wuta su taɓa komai, shi ne kuma na ƙarshen rabuwa. Lotsawar ma da hikima aka yi ta: kafin ƙafafun su ɗauki wuta, jikin fulogin ya riga ya toshe bakin ƙoƙon, yatsa ba shi da hanyar shiga. Amfiya 16 yake ɗauka, wato kimanin watt 3500 a wutarmu, ya fi na Ingila. Masu kyau suna da marfi a cikin ramukan wanda ba ya buɗewa sai ƙafa biyu sun danna tare, yaro ya cusa ƙusa a rami ɗaya ba za ta wuce ba. Babbar falalarsa a garin nan ita ce yawancin ƙananan kayanmu, caza da rediyo da fanka da talabijin, masu ƙafa biyu zagayayyu ne, suna shiga su zauna daram ba tare da an yi musu dabara ba.

Rauninsa biyu ne. Ba fiyus a cikin fulogin, kariyar duka tana wuyan ƙaramin disjontar da ke allon gida, kuma dole ya dace da kaurin wayar bango. Ƙa'idar Faransa ita ce waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da disjontar mai amfiya 16, mai 2.5 kuma da mai amfiya 20. Gidan da babu ƙananan disjontar sai babban da ke kusa da konta, wayarsa na iya dahuwa a cikin bango ba abin da ya sauka. Rauni na biyu, kasuwa cike take da wani mai kama da shi, shafaffe, ramuka biyu kawai, ba tsinke ba lotsawa. Wannan bai cancanci sunan ba, kuma shi aka fi sa wa gidajen haya.

Akwai wani abin da ke ba ni takaici. Wasu kayan Aljeriya suna zuwa da fulogi irin na Jamus, wanda wayar ƙasarsa ƴan ƙarafa ne a gefe, ba shi da ramin da tsinken zai shiga. Sai mutum ya ɗauko filaya ya karya tsinken. Ya ɓata piriz mai kyau saboda fulogi ɗaya, alhali yawancin masu kauri da ake yi yanzu suna da ramin da kuma ƙarafan gefen, suna shiga duka biyu, kuma ana samunsu a saya a sauya.

Na Ingila kuwa, in dai na asali ne, ban san fulogin gida da aka ƙera da tsoron Allah kamarsa ba. Tun 1947 aka fito da shi. Ƙafar wayar ƙasa, wadda ke sama, ta fi sauran tsawo, ita ke ture marfin da ya rufe ramukan wuta, in ba ta shiga ba suna nan a kulle. Ƙafafun wuta biyu rabinsu an lulluɓe da baƙar roba, ko fulogi ya fito rabi yaro ya sa yatsa ba zai taɓa ƙarfe mai wuta ba. Ƙafafun masu faɗi ne, ƙarfe na kwanciya kan ƙarfe sosai. Wayar fulogin ta ƙarƙashinsa take fita, ba a iya fizgo fulogin da ita daga nesa, ɗabi'ar da ke kashe rabin wayoyin gidajenmu. Yawancin piriz ɗinsa kuma da makunni a jiki. Wannan makunnin ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake ɗauke wuta mace na tsakiyar guga, ta tashi ta kama wani aiki, wuta ta dawo da tsakar dare dutse na kife kan zani.

Sannan ga fiyus a cikin kowane fulogi, mai amfiya 3 don ƙananan kaya, mai 13 don manya. Amma a fahimci aikinsa: waya yake karewa daga ƙonewa, ba ya ceton mutum. Abin da ke kashe mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, fiyus mai 13 ko motsi ba zai yi ba.

To me ya sa ban ce a cika gida da shi ba? Saboda abin da nake gani da idona. Ka sa na Ingila a falo, yaro ya zo da caza mai ƙafa biyu, ba ta shiga. Sai ya ɗauki mabuɗi ko tsinken ashana ko murfin biro ya cusa a ramin sama ya ture marfin, ya danna cazar da ƙarfi. Kullum haka, har marfin ya karye, ƙarafan ciki su buɗe. Mafi muni, ƙannensa na kallo suna koyon cewa piriz wuri ne da ake cusa wa mabuɗi. Ga shi iyakarsa amfiya 13, kimanin watt 2800. Kuma jabunsa sun yi yawa: na taɓa buɗe wani na tarar fiyus ɗin ado ne kawai, an haɗa wayar kai tsaye ta bayansa. Wani kuma fiyus ya ƙone, an naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari an mayar. Daga ranar ya zama fulogi mara fiyus mai kamar yana da shi.

Mu dawo kan mai karɓar kowa, tunda shi ne ya fi jan hankali, kuma na san dalili. Babu ciwon kai, duk abin da baƙo ya zo da shi yana shiga. Sai dai ka yi tunanin abin da aka ɗora wa ƙarafan cikinsa. Ana son su damƙe siririyar ƙafar caza mai milimita 4, su damƙe mai kauri ta dutsen guga mai 4.8, su damƙe mai kusurwa ta Ingila, su damƙe mai faɗi ta Sin. Ƙarfe ɗaya ba zai yi wa duka adalci ba. Da zarar fulogin Ingila ya shiga ya fita sau da yawa, bakin ya buɗe, zagayayyar ƙafa in ta zo sai ta riƙa lilo a ciki tana taɓa ƙarfe a ɗan wuri kaɗan. Kowa ya san alamar: caza na zamewa, sai an tokare ta da takalmi ko an naɗa waya a ƙusa, ana jin ƙara siririya kamar ana soya wani abu, da dare har a ga tartsatsi shuɗi. Ramukan kuma manya ne, da yawansu ba marfi.

Akwai illar da ba a gani, ita ce ta fi damuna. Fulogin Faransa mai wayar ƙasa tsinke yake jira daga piriz. Mai karɓar kowa ba shi da tsinke, rami ne a wurin. Ke nan firigo ko dutsen gugar da ka jona zai yi aiki lafiya lau, amma wayar ƙasarsa ba ta haɗu da komai ba, ko da mai aikin wuta ya ja ta har bakin piriz ɗin. Ranar da wuta ta zubo a jikin firigon, hanyar da za ta bi zuwa ƙasa ita ce hannun wadda ta zo ɗaukar ƙanƙara da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ƙari a kan haka, kayan Amurka na volt 110 ko 120 da ake samu a gwanjo suna shigewa cikinsa ba gardama, su ƙone nan take. Cazar waya da ta kwamfuta galibi an rubuta musu 100 zuwa 240, su ba ruwansu, amma injin aski ko na markaɗe na can sai da taransifoma. Ba ƙa'idar Faransa ba, ba ta Ingila ba, babu wadda ta san da wannan piriz, ko da an buga lambobinsu a jikinsa.

Ban ce ba shi da gurbi ko kaɗan ba. Ɗaya a ɗakin baƙi, a sama inda yaro ba ya kaiwa, don cajin waya kawai, ba zan yi musu ba. Amma duk abin da ke ɗumama ko sanyaya wani abu, hita, buta, dutsen guga, rishon lantarki, firigo, kilim, kada ya kusance shi.

Hukuncina ke nan: a Damagaram, na Faransa mai tsinke da marfi shi ne ya kamata ya zama na gida gaba ɗaya. Idan akwai wani babban kaya na Kano da ke zaune wuri ɗaya, kamar firizar mai sayar da ƙanƙara da lemun zaƙi, a sa masa na Ingila na asali shi kaɗai a bayansa, inda ba wanda zai zo da caza. Kilim kuwa ya fi dacewa da layinsa daban daga allo da disjontar ɗinsa.

Sauran kayan masu ƙafa uku fa? Nan ne zaɓi na biyu yake, tsakanin adafta da sauya fulogi. Adafta ta matafiyi ce, mai kwana biyu a masauki. Mahaɗa ɗaya ta zama biyu, nauyin fulogin Ingila na rinjayar ta ƙasa har ƙafafunta su leƙo waje, yawancin na kasuwa kuma ba sa wuce da wayar ƙasa, cikinsu ma irin na mai karɓar kowa ne. Sauya fulogi aikin ƴan mintoci ne, sau ɗaya ake yi a huta. Kwamfuta da talabijin da wasu butoci wayarsu ma cirewa ake yi, sai a sayi wata mai kan Faransa a maƙala. Wanda sai an yanke, a kula da launi. A wayoyin yanzu ruwan ƙasa shi ne mai wuta, shuɗi shi ne na dawowa, kore da ɗorawa shi ne na ƙasa. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake gani a wayoyin Najeriya, ja ne mai wuta, baƙi na dawowa, kore na ƙasa. A bar ta ƙasa ta ɗan fi sauran tsawo, don in an fizgi waya ta zama ita ce ta ƙarshen tsinkewa, a kuma ɗaure maƙallin a kan rigar waya ta waje. Tsohon fulogin da aka yanke kada a jefar da shi a tsakar gida. A cire fiyus ɗin, a lanƙwasa ƙafafun da guduma, don yaron da ya tsince shi piriz zai nufa da shi, guntun wayar kuma tsirara take. Masu cusa waya tsirara a rami su tokare da ashana kuwa, wannan ba ya cikin zaɓin da ake aunawa.

Sai ralanji, doguwar wayar nan mai ramukan jona kaya, ko a ƙara piriz a bango. Ɗakunanmu da yawa piriz ɗaya aka yi musu, sai ralanji ta ɗauki talabijin, ta ɗauki fanka, wata ralanjin ta fito daga cikinta ta nufi ɗakin kishiya. Yawan ramuka ba ya ƙara ƙarfi, duka ta siririyar waya ɗaya suke sha. Karanta abin da aka buga a jikin wayar kanta, ba a kwali ba. In ka ga 3G1.5, waya uku ce har da ta ƙasa, mai murabba'in milimita 1.5, tana ɗaukar amfiya 16. Mai 1 iyakarta wajen 10. Mai 2x0.75 waya biyu ce ba ta ƙasa, wajen amfiya 6, ta fanka da caza ce. Wadda ba a rubuta komai ba, ajiye ta. Hita da dutsen guga tare sun haura amfiya 14, kuma lokacinsu ɗaya ne, safiyar hunturu ana shirin makaranta. Ralanjin da ake naɗewa kuma sai an warware ta duka in za a ja kaya mai nauyi, don a naɗe zafi ba ya samun hanyar fita. Ba a bi da ita ƙarƙashin darduma ko katifa, ba a matse ta da ƙyaure.

Da bazara, watan Afrilu da Mayu, kowa a tsakar gida yake kwana, ralanji ta ratsa tsakanin tabarmi ta kai wa fanka wuta. Hadarin farko kuma ba ya sallama, cikin dare yake zuwa da iska, mutane su tashi a gigice suna kwasar shimfiɗa cikin duhu, ralanji na kwance a ruwa. Gidan da ke kwana waje duk shekara ya cancanci piriz na waje mai murfi, wanda aka rubuta wa IP44 ko sama, a ɗaga shi a bango ƙarƙashin rumfa. A wannan lokacin ne kuma wuta ke yin ƙasa saboda yawan masu ja, injin firigo da na kilim kuwa in ƙarfin wuta ya ragu amfiya suke ƙara ja, piriz mai rauni a nan asirinsa ke tonuwa. Ga ƙurar hunturu da ke cika ramuka, ga kyankyasai da ke gida a bayan piriz, ga damshin damina a bangon laka irin na Birni. Sau ɗaya a shekara a sauke disjontar, a kwance, a kakkaɓe, a ƙara ɗaure sukurori.

Masu gurup, wato janareta, ina roƙonku da girman Allah, ku bar wayar nan mai fulogi a kai biyu da ake cusa ɗaya a inji ɗaya a piriz. Kan da ke hannunka tsirara yake da wuta, kuma in ba a raba gida da layi ba, wutarka na komawa kan falwaya ta samu ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a mace yake. Makunnin sauya layi aka yi don wannan.

Duk abin da na faɗa kan tsinke da ƙafa ta uku yana da sharaɗi: sai in akwai wayar ƙasa a bayansu. Kwance piriz ɗaya a gidanka bayan ka sauke disjontar, ka ƙirga wayoyin. A gidaje da yawa biyu za ka gani, tsinken na tsaye ba abin da aka ɗaura masa. Kayan roba masu alamar murabba'i cikin murabba'i ba sa bukatarta. Masu jikin ƙarfe, firigo da dutsen guga da injin jan ruwa da risho, suna bukata. Ƙasar Damagaram kuwa dutse ce, ga fari, sandar ƙarfen da ake kafawa a ɗaura wa wayar ƙasa ba ta samun kamu da sauƙi kamar a fadama. Sai an nemi wuri mai damshi, an nutsa ta sosai, mai aikin ya auna da na'ura maimakon ya ce ai ta shiga. Kada kuma a yarda a ɗaura ta a bututun ruwa.

Saboda wannan taurin ƙasa ne nake ganin abin da ya fi kowane piriz muhimmanci shi ne difaransiyal mai 30 mA (kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya) a allon gida. Aikinsa gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, in an samu gibi, alamar tana zuba ta jikin wani abu ko wani mutum, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Je ka duba babban disjontar da ke kusa da konta. In 500 mA aka rubuta, wannan bai isa ceton rai ba, kuma sai sandar ƙasa ta yi kyau ƙwarai, ba ta wuce om 100 a na'urar awo ba, yake cika aikinsa. Mai 30 mA yana sauka ko sandar ba ta kai haka kyau ba. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T, a riƙa danna shi duk wata a ga ya sauka. In da kuɗin abu ɗaya kawai gare ni, shi zan fara saya kafin piriz masu tsada. Mu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. In kuma har wuta ta riƙe wani, disjontar ake ruga wa, ko a ture shi da busasshen itace, ba a kama shi da hannu, sannan a kai shi asibiti ko ya ce ya warware.

A wajen saye, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sunayen Legrand da Schneider da MK duk ana buga su a kan jabu, tambarin CE kuma mai ƙera kaya ne ke sa wa kansa. Saboda haka ɗauki piriz ɗin ka ji nauyinsa, juya bayansa ka ga kaurin ƙarafan. Je da fulogi daga gida ka gwada: ya shiga da ɗan ƙarfi, ya ƙi fita sai an ja. Je da ɗan maganaɗisu, ƙarfen fulogi na kirki farin ƙarfe ne ko tagulla, ba ya kama shi, in ya manne baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Waya kuma ka kankare silinta da wuƙa, in ja ya tafi fari ya bayyana, sanholo ne aka yi wa riga, ya fi jan ƙarfe saurin zafi da karyewa. Mai kyau zai fi tsada, wani lokaci ninki, araha kuwa ba ta ado. Ɗan haya da ba shi da ikon taɓa bango, ya samu mai gida su yi magana kan difaransiyal ko da za a cire a kuɗin haya, ya sauya kan kayansa su dace da piriz ɗin da ya tarar, ya sayi ralanji ɗaya ta kirki maimakon uku na banza.

A gidan ƙanwata, mijinta ya kira mai aikin wuta a makon. Ya yanke bakin wayar da ya ƙone, ya sa na Faransa uku a ɗaki da ɗaya mai murfi a ƙarƙashin rumfa, ya kafa sandar ƙasa kusa da magudanar wanki, ya ɗora difaransiyal a allo. Dutsen gugarta na Kano an sauya masa kai. Ranar da aka gama, difaransiyal ya sauka sau biyu a jere, har maigidan ya fara cewa an sayar masa da jabu. Mai aikin ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya." Aka yi ta cirewa ana mayarwa har aka zo kan tsohuwar firizar da ke zaure, wadda yaran gidan suka daɗe suna cewa tana ɗan tsikarinsu in sun taɓa ta ba takalmi.